Ranar da Tapati Ta Yi Niyyar Jarumta

Shekara talatin da huɗu Tapati Bagchi ta yi tana koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, kuma har gobe akwai mata masu jikoki a unguwar Shyambazar da ke gyara tsayuwa in sun hango ta tafe. Mai kifi ba ya gigin ɗora mata na jiya a sikeli. Direban bas in ya ga ta ɗaga lema, tsayawa yake ko ba tasha. Amma ku hau da ita benen kulob ɗinmu, ku zaunar da ita a teburin birij, ku ba ta karta goma sha uku, sannan wani a hagunta ya ɗaga tayi, nan take damisa za ta koma 'yar kyanwa. Ba gulmarta nake yi ba, ita ce ke fara faɗa. Takan ce ƙarfin hali kam tana da shi daidai gwargwado, sai dai duk Lahadi a ƙasan matakala take jingine shi tare da lema.

Kulob ɗin ɗaki ne guda a saman shagon kayan zaƙi. Tebur shida, fanka biyu, ɗaya tana juyawa ɗaya tana shawara. Kusan dukanmu mun ajiye aiki, kuma kusan dukanmu mun haƙiƙance cewa da mun dace da abokin wasa na ƙwarai da tuni duniya ta san da zamanmu. Saboda gwiwarta, Tapati ba ta tashi daga tebur na uku. Ita da abokin wasanta suna zaune, abokan karawa ne ke zagayowa suna samun su.

To, shi birij kafin a jefa ko karta ɗaya sai an yi tayi, kamar a gwanjo. Kowa ya nuna ci nawa shi da abokinsa za su iya kawowa cikin goma sha uku, da dangin kartar da zai hau kan sauran. Ba da baki ake yi ba. Kowa da ɗan akwatinsa na katunan tayi a gefe, ka zaro ka ajiye, abokinka da ke fuskantarka ya karanta ya fahimci abin da ke hannunka. In ba ka da abin cewa sai ka ajiye koren kati, wato fas. Idan abokan karawa suka kama bakinsu, Tapati da abokinta sukan hau tayin nan mataki-mataki ba tuntuɓe. Sai dai mutane ba sa kama bakinsu. Da zarar wani ya yi katsalandan, ya tsallake matakai uku don ya cinye musu wurin magana, sai hannun Tapati ya nufi koren kati da kansa, kamar akuyar da ta san hanyar gida. Sau biyu Haradhan, sakataren kulob kuma alƙalin wasanmu, yana sake mata koren kati saboda ya yi laushi kamar tsumma.

Abokin wasan nata Ajit ne, ƙanin marigayi mijinta, tsohon mai duba sigina a jirgin ƙasa. Da yayansa ya rasu, shekara goma sha tara ke nan, ya bari aka yi wata uku, sannan wata Lahadi ya zo gidan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Boudi, tashi mu je. Kujerar Dada ba za ta zauna wayam ba." Boudi a wurinmu matar yaya ce, Dada kuwa yayan ne. Tun daga ranar ba su yi fashi ba sai da ciwo. Ɗanta yana can garin Pune, waya kawai yake yi. Sauran kwana shidan mako duk a jikin Lahadi suke rataye.

Wata Lahadi a ƙarshen damina, suna saukowa daga bene bayan ta sake yin fas da hannun da ya isa a yi magana, Ajit ya tsaya a tsakiyar matakala. Bai yi fushi ba, kuma wannan ne ya fi tayar mata da hankali. Ya ce mako mai zuwa za a rufe rubuta suna na gasar bikin Puja, kuma Sharmistha Ghatak ta nemi ya yi wasa da ita. Sharmistha yarinya ce a wurinmu, shekararta hamsin kacal, tana buga birij a kwamfuta da mutanen wasu ƙasashe, tana tayi kamar mai ajiyayyen rai a gida.

"Boudi, ba raini ba ne," in ji shi. "Shekara goma sha tara ina ba ki hanya, kina tsayar da jirgi a daji. In wani ya sake rufe miki baki da tayi ranar Lahadi, sunan Sharmistha zan rubuta kusa da nawa."

Ta ce masa ya yi daidai, da ita ce shi da ta daɗe da yin haka. Amma ta san yadda abin yake tafiya. Abokin gasa shi ke zama abokin Lahadi. Ita kuma sai ta koma cikin waɗanda Haradhan ke haɗawa da duk wanda ya zo shi kaɗai, yana yi yana murmushin tausayi.

Don haka ta shiga horo. Kullum bayan abincin rana sai ta jera filo uku a kan gado, ta raba karta huɗu, ta ɗora wa filon hagu halin katsalandan. Ita ce ke yi masa tayin, da murya mai kauri, sannan ta dawo mazauninta ta amsa. Ranar Talata filon ya tsorata ta sau biyu. Ta zauna ta dube shi, tsohon filon auduga mai tabon man gashi, ta ce lallai an kai maƙura. Ranar Laraba ta zaro littafin da mijinta ke rubuta dabarun wasa, ta sami wani layi da ya ja wa alama a ƙasa: wanda ke da ƙarancin dangin abokan karawa a hannunsa, shi ne zai yi magana. Ta haddace shi kamar ɗalibar da aka ce gobe za a tambaye ta. Zuwa Asabar ta fi ƙarfin filo.

Lahadi ta zo da yayyafi. Kuma abin mamaki, horon ya yi aiki. A zagaye na biyu wasu suka tsoma baki, ta ɗaga tayi a kansu, aka buga, suka sami maki mai kyau. A na huɗu ta sake. Da aka kawo shayi a kofunan ƙasa sai Ajit ya tura mata nasa samosa, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ta ci tana ji kamar ta ci yaƙi. Har ta saci kallon Sharmistha a tebur na biyar, ta ɗan tausaya mata.

Zagaye na ƙarshe ne ya kawo musu Likita Talukdar da matarsa Kajori. Talukdar tsohon likitan haƙori ne, kuma yadda yake cire haƙori haka yake tayi, da ƙarfi, kafin ka shirya. Ya zauna a hagun Tapati yana goge tabarau.

"Didi, an ce yau kin fara cizo," ya ce, domin haka ake kiranta a kulob, wato yaya. "Buɗe baki in gani, ko sabbin haƙora ne."

"Nawa ne na asali, Likita. Shi ya sa ban taɓa zuwa wurinka ba."

Kajori ta yi dariya ta ce mijin nata ya sami daidai da shi. Aka zaro karta daga allon da ake adana ta.

Tapati ce mai fara tayi. Ta jera hannunta: hartan shida, masu jar zuciyar nan, da as, babbar karta, a kansu, da 'yan sarakuna a gefe, sai iskabon mai baƙin ganye guda ɗaya tal. Hannu ne na buɗe tayi, ba na fahariya ba. Ta ajiye hartan ɗaya. Talukdar ko kallon kartarsa bai sake yi ba, ya cusa yatsu cikin akwati ya kwaso katuna rututu ya shimfiɗa: iskabon huɗu. Wato ya yi alkawarin ci goma, domin daga kan shida ake fara ƙirga tayi, kuma duk wanda ke son magana bayansa sai ya yi alkawarin sha ɗaya.

Yanzu layin Ajit ne. In aka yi irin wannan tsalle, ƙa'ida ta ba na gaba daƙiƙa goma ya yi shiru, ko yana da abu ko ba shi da shi, don kada saurinsa ko jinkirinsa ya tona hannunsa. Daƙiƙa goma suka wuce. Ashirin suka wuce. Ajit ya ƙura wa kartarsa ido. Ya kai hannu kusa da akwati, ya janye. Ya rufe kartar, ya sake buɗewa, kamar wataƙila ta canza. Ruwa ya ƙaru a kan kwanon shagon ƙasa. Kajori ta gyara bakin zanenta na sari, ta dubi silin. Talukdar ya juya agogonsa a hankali yadda kowa zai ga ya juya shi. Sai Ajit ya kama leɓatun kunnensa na dama yana ja, kuma duk wanda ya zauna gabansa shekara goma sha tara ya san cewa ba ya jan kunnen nan sai yana riƙe da dangin abokinsa.

Daga ƙarshe ya zaro koren kati ya ajiye. Kajori ma ta ajiye nata. Magana ta dawo kan Tapati. In ta yi fas, tayi ya ƙare, Talukdar ya tafi da shi.

Ga dai abin da ta yi mako guda tana shiri dominsa. An yi katsalandan. Ita ce mai ƙarancin iskabon. Layin nan na littafin mijinta yana kanta. Katin hartan biyar yana nan a akwati, sabo fil, yana kallonta. Kuma ta sani, sani na haƙiƙa, cewa in ta ajiye shi za su ci, domin Ajit ya riga ya gaya mata da jinkirinsa da kunnensa.

Nan gizo ke saƙa. A birij abin da katin abokinka ya faɗa naka ne. Abin da dogon tunaninsa ya faɗa ba naka ba ne, kamar wasiƙar maƙwabci ce da ta faɗo gidanka bisa kuskure: ka gani, amma ba ka da ikon aiki da ita. In fas yana cikin abin da mai hankali zai iya yi da hannunka, to bayan abokinka ya yi dogon tunani fas ɗin ya zama dole. Tapati ta san wannan fiye da kowa. Ita Haradhan ke turo wa sabbin shiga ta koya musu shi.

Sai ta yi wa kanta tambayar da takan ce su yi. Da Ajit ya yi fas cikin daƙiƙa goma, fuska a sake, me za ta yi da wannan hannun? Ta so ta ce hartan biyar. Ai yau sabuwar mace ce, ga samosa ma shaida. Amma ta auna hannun tsakani da gaskiya, ta ga cewa in aka ba mutanen ɗakin nan shi ɗaya bayan ɗaya, rabinsu fas za su yi. Ita kuwa Tapati ta shekara goma sha tara, ai ba sai an tambaya ba.

Ta ɗaga ido. Ajit yana kallon tebur, fuskarsa kamar ta mai jiran jirgin da ya makara. Bai ma san abin da ya yi ba. Abin da zai gani kawai shi ne Boudi ta sake yin shiru. Can a tebur na biyar Sharmistha ta gama wasa tana ninke takarda. Yatsun Tapati suka sauka a kan hartan biyar, suka ji santsinsa. Za ta iya cewa tun farko ta yi niyya. Wa ya shiga zuciyarta?

Kuma a daidai nan ta gano wani abin kunya. A ƙasan duk wannan damuwar, can cikin cikinta, akwai wani sanyi mai daɗi da ke bazuwa, irin na yarinyar da ta zo ba ta yi karatu ba aka ce malama ba ta da lafiya. An ba ta izinin yin fas. Doka da kanta ce ta ba ta. Ta ji haushin sanyin nan har ta kusa ajiye hartan biyar don ta kunyata shi.

Ta ajiye koren kati.

Aka buga. Talukdar ya kawo tara, ya faɗi da ɗaya, yana murmushi kamar an ba shi kyauta. Kartar Ajit ta fito ɗaya bayan ɗaya: hartan huɗu da sarki da sarauniya a ciki, ga as a gefe. Aka buɗe takardar maki. Sauran tebura duk sun buga hartan sun kawo sha ɗaya, maki ɗari shida da hamsin kowannensu. Tebur na uku hamsin.

Ajit ya mayar da kartarsa cikin allo a hankali. "To, Boudi," ya ce. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya fara neman takalminsa da ƙafa a ƙarƙashin tebur.

"Ajit, zauna."

Muryarta ta aji ce. Ba a taɓa jin ta a saman benen nan ba. Har mutanen tebur na biyu suka gyara zama.

"Minti nawa ka yi kana tunani?"

Ya ce shi bai yi wani tunani ba, ɗan dubawa ya yi.

"Minti biyu da daƙiƙa arba'in," in ji Talukdar. "Na sha cire turmin haƙori a ƙasa da haka, har da wanke hannu."

Kajori ta ƙara da cewa mijinta ya riga ya cika ƙirji da iska don kiran Haradhan, da Didi ta taɓa wani kati ban da kore da an ji shi har titi. Talukdar bai musa ba. Ya ce gaskiya ya ɗan ji takaici, ya daɗe bai kira alƙali ba.

Tapati ba ta kula su ba. Ta tambayi Ajit, da hartan huɗu da sarki da sarauniya da as, me ya hana shi ajiye hartan biyar da hannunsa. Ya fara bayani. Ya ce ya yi tunanin biyar, sai ya ga kamar shida ma za ta yiwu. Sai ya yi tunanin dabul, ya ninka wa Likita hukunci. Sai ya ga in ya ce biyar ana iya faɗuwa, in ya yi dabul ana iya ci, in ya ce shida ana iya yi masa dariya. Yana cikin haka sai ya tuna cewa ai yau Boudi ta zama jaruma, bari ya bar mata.

"Wato ka ji tsoro," ta ce.

"Ban ce tsoro ba."

"Ka ji tsoro minti biyu da daƙiƙa arba'in a gaban jama'a, sannan ka ɗaure mini baki da shi, ka miƙo mini. Ni aƙalla nawa tsoron ba ya ɓata wa kowa lokaci."

Ɗakin ya ɗauki dariya, irin ta tsofaffi, rabinta tari. Haradhan ya taso daga kujerarsa ya dubi allon, ya ji yadda aka yi, ya ce fas ɗin Didi shi ne daidai, da ta yi tayi da ya mayar da makin baya. Ya dubi Ajit ta saman tabarau. Kunnuwan Ajit duka biyu suka yi ja, ba tare da ya taɓa su ba.

Aka fara tattara akwatuna. Takardar gasa tana manne a jikin allon sanarwa kusa da ƙofa, mutane na rubuta suna biyu-biyu suna sauka. Ajit ya tsaya a gabanta. Sharmistha ta wuce ta gefensa, ta ɗan rage tafiya, ya yi kamar yana karanta sanarwar gyaran famfo, ta sauka.

Da Tapati ta yi shiru a nan da komai ya tafi sumul. Amma wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana hana yara satar amsa ba ya iya tafiya gida da makin da ba nasa ba. Ta matso kusa da shi, ta rage murya.

"Ajit, kafin ka rubuta. Ban san ko gaskiya ce ta sa na yi fas ba, ko halina ne. Na ji daɗi da ka ɗaure ni. Da ka yi sauri ma, wataƙila koren nan zan ajiye."

Ya daɗe yana dubanta. Ta ce ya yi hattara da jinkiri, Likita bai sauka ba, agogonsa na nan.

"Wataƙila, ko tabbas?" ya tambaya.

"Wataƙila. Da Litinin da ta wuce ce, da tabbas ne."

Ya gyaɗa kai kamar mai karɓar rahoton gyara. Ya juya ya ce wa Haradhan ya ara masa fensir. Haradhan ya ce ga biro a rataye da zare. Ajit ya ce ya gani, fensir yake so. Aka lalubo wani guntu a aljihun tebur. Ya rubuta sunansa, ya rubuta nata a gefe, siriri, yadda ɗan yatsa ma zai iya gogewa.

Tapati ta dubi rubutun. Ta buɗe jakarta, ta tona ƙarƙashin maganin gwiwa da makullai, ta zaro jan biron da take gyara jarrabawa da shi, wanda har yanzu ba ta fita ba shi. Ta bi kan sunayen biyu harafi-harafi, tana dannawa har takardar ta kusa hujewa. Ta gyara masa wani harafi da ya karkace a nasa sunan.

"Boudi, wannan ai katsalandan ne."

"Kana da daƙiƙa goma," ta ce, ta rufe biron.

Ajit ya karɓi jakarta ya rataya a kafaɗa, ya wuce gaba yadda zai tare ta in gwiwar ta gaza, suka fara sauka mataki ɗaya-ɗaya, yana tambayarta ko ranar Laraba za ta iya raba karta su gwada abin da za su yi wa iskabon huɗu. Ta ce ya zo bayan abincin rana, akwai gurbi, za ta sallami filo ɗaya.